Barewar Unguwar Lado

"...da gajiyar mota kuma? Ƙafa biyu ka dawo da su, ko ka manta ɗaya a tasha?"

"Biyu na tafi da su, biyu na dawo da su. Kai fa gurgu, yau guda nawa suka tashi aiki?"

"Lafiyarsu lau. Ya mutanen gida?"

"Suna nan suna cigiyar bawansu. Shigo, amma ka bar sandar nan a waje kada ka tsone mini ido."

"Wane idon? Akwai saura ne?"

Dakata nan, Jamilatu, kada mu bar mai karatu a bakin ƙofa. Rubuta cewa ni ne Dogara maharbi, na Ƙofar Gayan a birnin Zazzau, kakanki. Ni nake faɗa ke kike rubutawa, don ni yatsana kunamar bindiga ya sani, bai san alƙalami ba. Wannan da nake gaisawa da shi kuwa Ya'u ne mai ɗinkin manyan riguna, taubashina. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun muna yawo ba wando yake ce mini bawansa, ni kuwa har gobe ban yarda ba. Abin da ya sa na zaunar da ke, tsohon nan yana bin zauruka yana cewa wai ya taɓa yaudarata da kashin akuya ban gane ba. Ni! To a rubuta yadda aka yi.

Shekara biyu ke nan bayan soja sun canza kuɗi. Lokacin daji ya riga ya gudu ya bar mu. Da can in ka fita Ƙofar Gayan, kafin ka gama tauna goron bakinka ka ji kukan fakara. Amma a shekarar nan sai gonaki da gidajen bulo da injin niƙa yana ta ihu. Ka wuni kana yawo, in Allah ya so ka, ka dawo da gafiya ɗaya. Rannan a wajen sunan jikan Sarkin Baka, shugabanmu na maharba, zaure ya cika, sai Mika'ilu, wanda ni na koya masa ɗura bindiga, ya ce wai Baba Dogara ya zama maharbin zaure. Aka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce to ku shaida, birni ya ishe ni, zan koma Unguwar Lado can bayan kogin Galma, inda ake cewa har yanzu barewa na shiga gonar wake. Na ce ranar da aka kawo mini kashin barewa daga dajin nan na murza da hannuna, ba zan ƙara Juma'a biyu a cikin ganuwa ba.

Ki gane, maharbi ba ya zaɓen wurin zama da maganar mutane. In ka tambayi 'yan ƙauye ko akwai nama, masu son baƙo su ce maka akwai, masu rowa su ce babu. Kashin dabba ake dubawa. Daga shi za ka san wace ce, me take ci, yaushe ta wuce.

Da na dawo gida zuciya ta sauka, sai tunani ya hau. Ga gwiwar nan ta hagu da ke kumbura. Ga masallaci taki ashirin daga ƙofata. Ga kabarin kakarki Umma a bayan ganuwa, ba Juma'ar da ba na zuwa. A gidan nan aka binne cibiyata. Amma magana ta riga ta fita a gaban maharba, in na lashe ta, sunan nan na maharbin zaure shi zai raka ni har makabarta. Sai ga shi Ya'u zai kai wa mai unguwar Lado rigar da ya ɗinka masa. A gaban mutane na ba shi saƙon kawo kashin, don kada a ce na ja da baya. Kwana biyu ya yi a can. Kwana biyun nan tuwo bai yi mini daɗi ba.

Ranar Laraba da hantsi na je wurinsa. Dama kullum war haka a zaurensa nake. Akwai abin da a lokacin daga ni sai shi muka sani, yanzu da ya ajiye ɗinki ba laifi in faɗa: idon Ya'u ya daina ganin kafar allura. Hannunsa ya haddace aikin, amma zura zare sai ni, don idon maharbi bai tsufa ba. In zura masa allura goma in soka su a jikin matashi, ya wuni yana aiki, masu riguna ba su san komai ba. To ci gaba daga inda na shiga.

Na same shi a kan buzu, da wata farar riga a cinya yana mata aiki da koren alharini. Na zauna na miƙe ƙafar. Na ce, "To, ba ni labari."

Ya ce, "Haka kawai? Ubangidanka ya dawo daga tafiya, ko ruwa ba ka kawo masa ba?"

"Ubangidan da bawa ya aika ya tafi? Ai tun ranar Litinin ka sauka daga sarautar."

"Tausayi ne ya kai ni. Na ga in aka sa ka a bayan a-kori-kurar nan, gutsure-gutsure za a sauke ka."

"Ya'u, daji nake tambaya."

"Daji? Kai, Dogara! Ban taɓa ganin irinsa ba. Ciyawa ta fi ka tsawo. Ko da yake wannan ba wani abin yabon ciyawa ba ne."

"Ni ne gajere? Kai da in ka tsaya a bayan randa sai an yi cigiyarka?"

"Zabi kuwa sai ka sa ƙafa kana ture su kafin ka wuce. Zomo har zauren mai unguwa ya shigo muna gaisawa. Ya zauna ya saurara, da ya ji ba maganarsa ake yi ba ya tashi ya fita."

"Ka ji tsoron Allah, da furfurarka."

"Furfurar ce shaidata. Barewa fa, sai da na ce wa wata gafara dai har sau uku kafin ta ba ni hanya."

"Kai da ba ka ganin kafar allura, kai ne ka ga barewa?"

"Barewa ta fi kafar allura girma, jahili."

"A wurinka duk ɗaya ne. Ba kai ne ka durƙusa ka gaida turmi a ƙofar gidan liman ba?"

"Turmin ya fi ka amsa gaisuwa da mutunci."

Ina dariya, Jamilatu. Na san rabin maganarsa iska ce. To in ɗaya rabin gaskiya ne fa?

Na ce, "Mai unguwar fa? Ka yi masa maganar wurin zama?"

"Har ɗakin ya nuna mini. Bukka ce mai kyau a bakin daji. Ƙofarta iya nan ta kawo mini." Ya nuna cibiyarsa. "Da rarrafe ake shiga. Gwiwarka za ta ji daɗi, dama zama ne ya sangarta ta."

"Masallaci fa?"

"Na unguwa kusa yake, rafi ɗaya kawai za ka tsallake. Na Juma'a kuwa, in ka fita da sassafe ka hau dutse ka sauka, da irin tafiyarka za ka sami masu naɗe tabarmi."

"Ruwa?"

"Rijiya ce mai zurfi. In ka jefa guga da safe, ka je ka karya kumallo ka dawo, lokacin za ka ji ya taɓa ruwa."

"Ana koko da safe?"

Ya ɗago kai. "Maharbi da tambayar koko? Ashe Mika'ilu bai yi ƙarya ba."

Wannan ta shige ni. Na ce, "Don kai nake tambaya. In ka zo gaishe ni kada yunwa ta kashe ka a hannuna."

"Ni in zo? Me na ajiye a can? Ranar da ka tafi zan sa a share zauren nan a yi turare. Shekara saba'in ina shaƙar warin albarushi."

"Ni ma in huta da tarin nan naka mai korar kaji."

"Tarina shi ke tashin unguwa salla. Kai me kake tsinana wa mutane ban da ƙaryar kuran da ka kashe?"

"Kura uku, kuma har da shaidu."

"Bara biyu ne. Ashe matattun kuraye ma suna haihuwa."

Muna cikin haka sai ga jar akuyarsa ta turo kai daga cikin gida, ta nufi guntayen zaren da ke zube a gefen buzu. Akuyar nan ba ta da wani aiki sai wannan. Ya'u ya lalubo takalmi ya jefa, ya sami bango.

Na ce, "Ka ga harbin maɗinki."

"Ai gargaɗi na yi mata. Fita, 'yar banza!"

"Ƙyale ta. Duk gidan nan ita kaɗai ta san zare mai kyau."

Akuya ta cafki abin da za ta cafka ta koma ciki. Na ga dai jan magana ba zai hana abin da zai zo ba. Na ce, "Ina saƙona?"

Ya sa hannu a aljihu ya jawo wani ƙulli, ya riƙe shi sama kamar mai tallan turare. "Ga shi. Ni Ya'u, mai ɗinka wa manya riga, na ɗauko kashi a aljihuna tun daga bayan Galma saboda ɗan mace. In ka tashi godiya ka durƙusa."

"Da wace gwiwar?"

"Da mai lafiyar. Ɗayar na yafe."

Na karɓa. Ganyen kalgo ne, an ɗaure da kaba, kuma daga ganin ɗaurin na san hannun mutumin daji ne ya fara yin sa. Na ce a raina, shi ke nan Dogara, bakinka ya kore ka daga garinku. Na kwance.

Kallo ɗaya na yi masa. Kashin barewa ƙanana ne, baƙi wuluk, da ɗan tsini a baki ɗaya, in ka murza sai ka ji ƙamshin ganyen daji. Waɗannan kuwa manya ne, mulmulallu. Na ɗauki ɗaya na murza a tafin hannu. Dusa. Dusar dawa zalla. Jamilatu, sai na ji kamar an sauke mini buhun hatsi daga ka. Har gwiwar ta daina zogi. Dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har sai da na riƙe ciki.

Ya'u ya ce, "Lafiya? Ko murnar tafiya ce?"

"Ya'u! Barewar Unguwar Lado a gindin turmi take kiwo?"

"Me ka gani?"

"Dusa!"

"To an hana barewa cin dusa ne? Ta can wayayyiya ce."

"Akuya ce, tsohon banza! Kashin akuya ka ɗauko mini tun daga bayan Galma!"

"Barewa ce. Da ƙahonta na gan ta."

"Akuya ba ta da ƙaho?"

"Da ta gan ni gudu ta yi."

"Wa ya taɓa ganinka bai gudu ba? Da ta gudu me ta ce?"

Ya yi kamar yana tunani. "Ta ɗan yi kuka. Siririyar murya, mai rawa."

"Da igiya a wuyanta?"

"'Yar guntuwa. Na ɗauka ado ne."

"Wayyo Allah! Kawu ya haifi asara. A ce mutum ya shekara saba'in a duniya bai san kashin akuya ba!"

"Ni ba a cikinsa na girma ba. Wannan karatun sai ku."

Daɗi ya ishe ni, sai na sake ɗaukar wani na murza, don kawai in ƙara ganin dusar nan. Sai na ji wani abu ya naɗe mini a yatsa. Na ja, ya biyo. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Na kai shi bakin ƙofa wajen haske. Zare ne. Koren alharini. Na dubi zaren, na dubi rigar da ke cinyar Ya'u, na dubi ƙofar da jar akuya ta bi. Dariyar ta tsaya.

Na ce, "Ya'u."

"Na'am, bawana."

"Barewar can, suna ɗinki?"

"Me ka gani kuma? Ka san ni ba gani nake ba."

"Koren alharini. Ranar Lahadi ni na yanke shi da haƙorina, a nan inda nake zaune."

"Wataƙila a aljihuna ya manne."

"A cikin kashin? Hudawa ya yi ya shiga?"

"Zare ne mai kyau, ba inda ba ya shiga."

"Kuma ɗanye ne. Na yau da safe. Ka je Unguwar Lado kuwa?"

"Na je mana. Ba ga ganyensu a hannunka ba?"

"Ganyen nasu ne, na yarda. Abin da ke ciki na bayan gidanka ne. Ina wanda aka fara ƙullewa?"

Ya soka allura a jikin riga, ya ajiye ta gefe.

Ya ce, "Mai unguwa ya haɗa ni da wani maharbinsu. Ya kai ni wani fili a bayan gonaki, ya ce nan suke taruwa. Ya cika mini ganyen nan. Ƙanana, masu tsini a baki ɗaya. Ban gani ba, amma yatsana ya ji tsinin."

Na ce, "Yana ina?"

"A cikin Galma."

"Me ya kai shi Galma?"

"Da mota ta zo tsallake ruwa, na sa hannu a aljihu zan ɗauko goro, sai allura ta soke ni. Ta ƙarshe ce cikin waɗanda ka zura mini na tafi da su, zarenta ya ƙare tun a zauren mai unguwa da na gyara masa wuyan riga. Na ce to, in gurgun nan ya tafi, wa zan miƙa wa wannan? In na nemi wani, kafin la'asar duk birni ya ji Ya'u ya makance, masu riguna su zo su kwashe kayansu. Ina cikin wannan tunanin sai na ji ƙullin ya kwance."

"Da kansa."

"Iska ce. Ka san bakin ruwa."

"Iskar ta zubar da kashi ta bar maka ganye da kaba."

"Iska ce mai hankali. Kuma kada ka ɗauka don kai na yi. Don allura na yi. In da akwai biri mai zura zare, da da kaina zan ɗora maka kaya a mota."

"Wa ya gani?"

"Daga ni sai kifaye. Ni ɗin ma ban gani sosai ba."

Na haɗe rai, don ba zan bar shi ya ga cikina ba. Na ce, "Ka cuce ni, Ya'u. Na riga na shafe bindiga da mai, na ɗaure tabarma. Ga daji cike da barewa, ka raba ni da shi saboda allura."

"Ayya. To ba komai, abin da sauƙi. Jibi kasuwarsu take ci. In koma in karɓo maka wani."

Ya ɗauki rigarsa kamar an gama magana. Na ji zogin gwiwar ya dawo.

Na ce, "Da wannan tarin naka? Ka mutu a hanya a ce ni na kashe ka?"

"To sai in gaya wa Mika'ilu, shi ƙafarsa lafiya lau. Yau ma sai ya je ya dawo."

"Ya'u!"

"Na'am?"

"Zauna."

"Ai a zaune nake."

Sai ya fashe da dariya, tari ya sarƙe shi, ya yi ta dukan buzu. Da ya sami numfashi ya ce, "Koko! Maharbin da ya kashe kura uku yana tambayar koko! Tun ranar da ka ba ni saƙon nan na gane. Muryarka kamar ta wanda za a cire wa haƙori. Ni idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

"Mura nake yi ranar."

"Har yau ba ta sake ka ba."

Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "To yanzu me zan gaya wa maharba? Ni ba zan yi ƙarya a gaban Sarkin Baka ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Cewa ka yi ranar da aka kawo maka kashin barewa ka murza. An kawo maka?"

"Ba a kawo ba."

"Ka murza?"

"Dusa na murza."

"To ka ɗauki ƙullin nan ka ajiye a gabansu, ka ce ga abin da ɗan aikena ya kawo. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Sai dai ka cire zaren tukuna."

"Za su yi ta yi maka dariya har shekara."

"Su yi. Ni maɗinki ne. In an ce ban san kashi ba, yabona aka yi. Kai ne in aka ce ka tsorata ba ka da inda za ka sa fuskar nan taka, ga ta dama ba kyau."

Sai na ce, "In Mika'ilu ya ce shi zai je da kansa fa?"

"Ya je ya ɗebo buhu guda. Wurin zaman ne babu."

"Ba ka ce har bukka aka nuna maka ba?"

"An nuna mini. Sai na ba mai unguwa labarin jakin nan."

"Wane jaki?"

"Wanda ka harba a bakin rafin Saye ka ce gwanki ne."

"Shekara arba'in fa ke nan! Kuma a cikin dawa ya tsaya, kuma kunnensa kawai na taɓa!"

"Ni ce masa na yi jakai bakwai. Da mai jakin."

"Innalillahi! Me ya ce?"

"Ya ce su jakai ne ƙafarsu, da su suke kai hatsi kasuwa. Ya ce in gaishe ka da kyau, amma ko wucewa za ka yi ta ƙasarsa ka bar bindigar a gida."

"Ka ɓata mini suna a garin da ban taɓa takawa ba."

"In ban ɓata ba wa zai ɓata? Gadona ne."

Na dube shi, ga shi nan ƙanƙanin tsoho, ido duk ya yi fari-fari, yana ta murmushi yana kallon gefen da yake zaton nan nake. Na jawo matashin allurai, na goge hannuna, na yanki koren alharini, na lasa bakinsa. Ta farko ta shiga. Ta biyu ta shiga.

Ya ce, "Wanke hannun ka yi kuwa? Rigar mutane ce."

"Kashin barewa ne, ba ya ɓata riga."

"Goma za ka zura."

"Tara. Ɗaya ladan jakai shida da ka ƙara mini."

"To na ji. Na kuma yarda, idonka ido ne. Na ɗauka dusar kawai za ka gani ka tafi kana murna. Zaren nan ko ita akuyar ba ta san ta haɗiye shi ba."

Ya dafa bango ya miƙe ya shiga cikin gida. Na ji ana kokawa, na ji kuka, siririyar murya mai rawa. Sai ga shi ya jawo jar akuyar nan tana tirjewa, ya lalubo hannuna ya danƙa mini igiyar.

Ya ce, "Ga barewarka. Kai ka bi sawunta har ka gano makwancinta, taka ce. Kai ta gidanka kafin ta cinye mini sana'a."

"Maharbi ba ya karɓar nama a igiya. Sai na harbe ta tukuna."

"A'a, don Allah kada ka harba! Jakin maƙwabcina yana ɗaure a waje!"

Dariyar da muka yi, sai da matarsa ta leƙo ta ga ko wani ne ya faɗi.

Da la'asar na kai ƙullin gaban maharba, na faɗi abin da Ya'u ya ce in faɗa ban ƙara ba. Sarkin Baka ya murza, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce in je in kwance tabarmata. To kin ji yadda aka yi. Gara a san ban so tafiyar ba, da a ce ban san kashin akuya ba. In kin gama ki kai wa tsohon ki karanta masa da ƙarfi, a gaban mutane.

Barewar kuwa ban yanka ta ba. Ita ce kakar wannan da ke cin gefen littafinki tun ɗazu. Kore ta mana, kafin ta haɗiye shaidata.